Babin da Na Tsallake wa Nevena

Talata, 4 ga Maris, da la'asar

Ina kan bencin asibiti, wanda ke kallon ɗakin yara masu ciwon ido. Nevena tana gadon da ke jikin taga. Wannan ne ya fi ƙona mini rai yau: a ɗauki yarinyar da aka naɗe wa ido biyu a ba ta gadon taga.

Likita ya yi mini bayani yana tafiya, ina binsa a baya kamar kare. Ya ce farar ƙasa ɗanya, in ta shiga ido, ba ta daina ci don an wanke ta, tana ci gaba da ɓarnarta a ciki. Ya ce sun yi aiki, kullum za a ɗiga magani a ɗaki mai duhu a mayar da bandeji, sai ƙarshen wata za a buɗe a haske a gwada. Na ce, "Za ta gani ko ba za ta gani ba?" Ya ce, "Saurayi, ni likita ne, ba boka ba." Na ce to mene ne bambancin, shi ma boka "sai mun gani" yake cewa. Mama ta mintsine ni har na ji a ƙashi.

Ƙanwata ce. Shekararta tara.

Tun ranar Lahadi ban koma ƙauye ba. A kicin ɗin Gwaggo Stanka nake kwana, nan cikin gari. Ba zan koma ba.

Laraba, 5 ga Maris, da yamma

Nas Rumyana ta zo da almakashi za ta yanke zaren Maris, wanda muke ɗaurawa a farkon wata don neman lafiya, daga hannun Nevena don ta sa allurar ruwa. Ni na ɗaura mata shi ranar Asabar, ja da fari, har da ɗan tuntu. Nevena ta ƙanƙame hannun ta ce, "Ba a cirewa sai an ga shamuwa! Ko itace ya yi fure!"

Sai an gani.

Nas ɗin ta zagaya ta sa allurar a ɗaya hannun.

Juma'a, 7 ga Maris, da safe, kicin ɗin Gwaggo

Jiya Nevena, da ke ce mini Bate, wato yaya, ta ce, "Bate, ka kawo mini littafin Bilyana. Na tsaya a tsakiya." Na ce me za ta yi da shi, har bakina ya kusa ƙarasa maganar, na haɗiye. Ta ce, "Kai za ka karanta mini mana, Momchil sarkin littattafai."

Littafin Bilyana! Wanda kowace uwa a ƙasar nan ta karanta tana ƙarama ta yi kuka a kansa. Ni da na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha uku, na koya wa kaina karatu na gaske da littattafan da ɗakin karatun ƙauye ya zubar lokacin da rufinsa ya yi yoyo, na shanya su ɗaya bayan ɗaya a kan murhu, na karanta manya masu nauyin bulo ina cin abinci a bayan injin katako, wai yau in koma kan labarin yarinya da itacen tuffa. A cikin tarin nan na tsince shi, na karanta sau ɗaya, na ce na yara ne, na jefa ƙarƙashin gado. Ban ma san ta zaro shi ba.

Na gaya wa Mama ta taho da shi. Dole ta riƙa komawa saboda awaki.

Asabar, 8 ga Maris, da azahar

Mama ta kawo shi a cikin kwando, ƙarƙashin burodi da cuku. Yana warin hayaƙin gidanmu. Ta ce, "Ubanku ne ya nemo shi. Ya birkice ɗakin duka." Na ce ban tambaye ta ba. Ta ce, "Ba ya cin abinci, Momchil." Na ce ai yana da abin sha.

Na goge bangon da hannun rigata kafin na shiga.

Litinin, 10 ga Maris, da la'asar

Ban taɓa karatu da murya ba. Ashe akwai kalmomin da a takarda kawai na san su, ban taɓa jin bakin mutum ya furta su ba, sai in ɗora musu nauyi a inda ba nan ba. Yaron gado na uku, Asen, ɗan shekara goma sha ɗaya da dutsen danƙo ya samu a ido ɗaya, ya fashe da dariya ya ce, "Kai dogo, wace jaka ce ta koya maka karatu?" Na ce, "Wadda ta harbe ka a ido." Ya ce, "Aƙalla ni an kai ni makaranta kafin ta harbe ni." Shege. Na so shi nan take, kuma na so in jefa shi ta taga.

Nevena ta ce mu koma farko saboda Sevda, 'yar mitsitsiya mai gilashi kamar gindin kwalba, ba ta san labarin ba. Muka koma. Hunturun da ya kashe lambun su Bilyana kaf. Tuffar dajin da ta tsira a bayan tsohon injin niƙa, mai 'ya'ya masu tsami da ko alade sai ya yi tunani. Kaka Dona da wuƙarta mai ƙotar ƙaho, tana cewa itacen daji ba mugu ba ne, bai dai sami wanda zai aurar da shi ba.

Ban tuna marubucin ya iya haka ba. Akwai wajen da ƙanƙara ke narkewa a ƙarƙashi tun kafin a gani a sama, Bilyana ta kwanta ta kara kunne tana jin ruwa yana tafiya. Nevena ta ce, "Maimaita." Na maimaita. Ta ce, "Gaskiya ne, na taɓa ji, a bayan garken awaki. Kamar cikin mutum yana ƙugi." Sevda ta kara kunne a katifa.

Talata, 11 ga Maris, da safe

Na yi mafarkin bokitin farar ƙasar.

Alhamis, 13 ga Maris, da yamma

Nevena ta tambaye ni, "Tate fa?" Na ce uban namu yana da aiki. Ta ce, "Ya gama shafa wa itatuwan farar ƙasar?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Idan ba a shafa ba kwari za su hau." Na ce ta bar itatuwa su ji da kansu.

Mun kai inda Kaka Dona ta koya wa Bilyana auren itace. A yanka jikin tuffar dajin, a soka ɗan reshen tuffa mai zaƙi, a toshe da kakin zuma, a naɗe da tsumma tam. Sannan a tafi. Kada a buɗe, kada a leƙa, sai toho ya fito da kansa ya yi sallama. Sevda ta ce, "Ba ya jin zafi?" Asen ya ce, "Itace ne, wawiya." Nevena ta ce, "Yana ji. Ƙaiƙayi ya fi zafin." Hannunta yana kan bandejin. Na sauke shi. Ta mayar. Na sake saukewa.

A nan ne ta tsaya da karatunta, ga busasshen ganyen da ta sa alama. Daga nan gaba ba ta san komai ba.

Ni na sani. Na tuna babi na gaba yanzu, a mota, har na wuce tashar Gwaggo ban sauka ba. Bilyana ta kasa haƙuri. Ta je da asuba ta warware tsumman don ta gani ko ya kama. Iska ta shiga. Reshen ya bushe, ya yi baƙi, ya mutu.

Ba zan karanta mata wannan ba. Ko da wuƙa a wuyana.

Juma'a, 14 ga Maris, da la'asar

Na tsallake. Na haɗa shafukan da babban yatsa na juya su tare, na ci gaba daga inda rani ya shigo. Asen ya ɗago ya kalle ni da idon nan nasa guda, domin malamarsu ta karanta musu shi bara. Na zare masa nawa biyun. Ya kawar da kai.

Asabar, 15 ga Maris, da yamma

Sevda ce. Ban yi zaton daga wajenta zai fito ba. Ina cikin karatu ta ce, "Tsaya. Me ya sa ake ta cewa reshe na biyu? Na farkon fa?" Na ce kuskuren masu buga littafi ne. Ta ce, "A'a, sau da yawa aka faɗa." Na ce ta yi shiru ta saurara. Sai Asen ya ce, "Ya mutu mana! Ta buɗe shi ya mutu! Dogo ne ya tsallake, yana tsoro."

Ban san lokacin da na isa gadonsa ba. Na ga dai hannuna a sama da littafin a ciki, yaron ya dunƙule ya rufe idonsa mai lafiya da tafin hannu biyu. Mai lafiyar ya rufe.

Ban jefa ba. Ina rubuta shi a nan don ya zauna: ban jefa ba.

Nas Rumyana ta fitar da ni da hannu ɗaya. A baranda ta ce, "Mun ga irin hannun gidanku, ya ishe mu. Kar in ga ƙafarka sai ka huce." Na sauka na fita.

Lahadi, 16 ga Maris, da hantsi

Gwaggo ta tafi coci kunna kyandir. Ta ce in zo. Na ce a kunna wa likita, shi ke buƙatar haske.

Lahadi, da la'asar

Na daɗe ina kallon hannuna. Har gajeren ɗan yatsan iri ɗaya ne da na ubanmu.

Litinin, 17 ga Maris, da azahar

Na tsaya a tsallaken titi na kalli tagarta. Ba a ganin komai sai labule.

Talata, 18 ga Maris, da yamma

Na koma. Na saya wa Asen alawar riɗi, na ajiye a gadonsa. Ya ce, "Cin hanci ne?" Na ce guba ce. Ya ce, "To ƙaro."

Nevena ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Buɗe wajen da ka sace." Na ce ba shi da daɗi. Ta ce, "Ba kai za ka zaɓa ba. Littafina ne, ni na tsince shi a ƙasa bayan ka yar." Na ce, "Neva." Ta ce, "Ka ɗauka ni jaka ce? Na san an naɗe ni kamar reshen. Tun ranar Alhamis na gane, kafin kai. Karanta."

Na karanta. Asen bai gyara mini kalma ko ɗaya ba. Bilyana ta warware tsumman. Kwana kaɗan reshen ya yi baƙi. Ta ɓoye a rumbun ciyawa ta ƙi fitowa, tana jiran duka. Kaka Dona ta je ta duba itacen, ta dawo ta zauna a bakin rumbun ta ce, itacen bai yi fushi ba, yana da wani gefen. Ta miƙa mata wuƙar ta ƙarƙashin ƙofa.

Sevda tana kuka, gilashinta ya yi hazo. Na ce, "Kun gani? Abin da na so in rage muku ke nan." Ta ja majina ta ce, "Amma yanzu na fi son na biyun. Da ban damu da shi ba." Asen ya ce, "Shi ne ai. Idan na farko bai mutu ba, sai ya zama littafin koyon noma." Yaran nan sun fi duk marubuta masu gemun da na shanya a kan murhu.

Nevena ta shafa bandejinta. Sannan ta ce, "Ni wajen wuƙar ya fi mini. Bate, da gaske ana sake ba wa wanda ya ɓata abu wuƙa?" Asen ya ce, "A littafi dai." Na ce ina tare da Asen.

Da zan tafi ta kama hannun rigata, ta jawo ni har kunnena ya taɓa bandejin, yana warin magani. Ta ce a hankali, "Na san kai Tate ya jefa wa bokitin farar ƙasar. Na ji kuna ihu, na zo in ce abinci ya nuna. Ka sunkuya. Ni ma da sunkuyawa zan yi."

Na sauka ta matakala, na shiga bayan ɗakin wanki inda babu kowa.

Ba zan rubuta sauran ba.

Alhamis, 20 ga Maris, da la'asar

Shamuwa ta iso. Sevda ce ta hango ta a kan bututun hayaƙin gidan burodi, ta kurma ihu, duk mai ƙafa ya ruga taga, suna hawa kan gadon Nevena suna taka ta. Kowa ya kwance zarensa na Maris, Nas Rumyana ta tattara za ta ɗaura musu a itacen da ke tsakar asibiti. Nevena ta tura hannunta ƙarƙashin bargo.

Na gyara mata bargon kawai. Ni mai baki.

Asen ya riga ya miƙa nasa, sai ya ce, "Dawo mini da shi, Sista." Ta ce don me. Ya ce, "Da ido ɗaya na gan ta. Rabin shamuwa ke nan, ba a ƙirga rabi." Ya sa na ɗaura masa, yana ce mini hannuna kamar na mai yankan katako. Na ce ai shi ne aikina, ɗan banza.

Nevena ta ce, "Yaya take?" Asen ya ce, "Mummuna. Ƙafafu kamar na yayanki. Ba ki yi asarar komai ba."

Ta yi dariya. Tun ranar Lahadin da abin ya faru ban ji ta ba.

Asabar, 22 ga Maris, da safe

Mama ta ce uban namu ya fasa tulunan barasarsa duka a bayan gida, ƙasa ta yi ta wari har maƙwabta suka leƙo. Na ce ya fasa ko ya shanye? Ta ce, "Yana tambaya ko zai iya zuwa." Na ce ya zo, akwai matakala mai tsawo a nan. Ta ce, "Bakinka da nasa ne suka kai mu nan, ka sani?" Ba ta taɓa faɗa ba sai yau. Ta faɗa tana ninke tawul, ko kallona ba ta yi ba.

Litinin, 24 ga Maris, da yamma

Reshe na biyu ya yi toho. Saura babi ɗaya. Nevena ta ce a tsaya nan, na ƙarshen ita za ta karanta mana da kanta. Sevda ta ce, "Yaushe?" Ta ce, "Ranar Alhamis, idan an buɗe."

Na ce to.

Za a sallami Asen gobe. Ya ce ba zai faɗi ƙarshen ba ko an yanka shi, ya ce wa Nevena, "Amma ki shirya, akwai ƙudan zuma." Ta jefe shi da matashi, ta samu Sevda.

Talata, 25 ga Maris, da azahar

Ina tsoro.

Laraba, 26 ga Maris, da hantsi

Na gwada rufe ido na yi tafiya daga kicin zuwa ƙofar gida. Na fasa wa Gwaggo kofi. Ta share, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan muni.

Idan ba ta gani ba, zan karanta mata duk littafin da ke duniya. Na faɗa wa kaina haka, kuma na san ba abin da take so ba ne.

Alhamis, 27 ga Maris, da la'asar, kan benci

Sun buɗe da safe. Idon hagu babu. Likita ya faɗa wa Mama a hankali, wannan karon a tsaye wuri ɗaya. Na dama, ta ce tana ganin fari kamar madara. Ya ɗaga mata yatsu, ta kasa ƙirgawa. Ya ce ko ya washe nan gaba ko ya tsaya haka, yanzu bai san iyakar abin da ke shiga ba. Ban yi masa rashin kunya ba. Ban da ƙarfi.

Aka mayar da ita gado, na hagu a rufe, na dama a buɗe, ja, yana ta hawaye da kansa. Ta ce in ba ta littafin. Na ba ta. Ta kawo shi har hanci, ta matsar, ta karkata shi wajen taga. Ta daɗe. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Ba yau ba." Sevda ta koma gadonta ta ja bargo har ka.

Na zauna a kujerar da ke gefenta da littafin a cinya. Mama tana ɓare lemo da babu mai sha. Sai Nevena ta juya kai wajen ƙofa, can ƙarshen ɗakin, bayan gadaje duka. Ta ƙanƙance idon ta ce, "Bate, mene ne wancan? Wani abu dogo, baƙi, ba ya motsi."

Na waiga.

Kwat ɗinsa na zuwa jana'iza ne a jikinsa, ya yi masa yawa yanzu. Hula a hannu. Bai tako ciki ba, ƙafafunsa suna bayan layin ƙofa.

Daga gadonta zuwa can da nisa. Da nisa sosai. Na ji lemon ya faɗi daga hannun Mama, ta toshe baki, ta gane abin da na gane. Nas Rumyana ta ajiye farantin magani ta matso kusa da ni, idonta a kan hannuna.

Nevena ta ce, "Mutum ne, ko riga aka rataye?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna."

Ta ƙara ƙanƙance idon. Ta ce, "Tate?"

Abin baƙin ya motsa. Kafaɗunsa kawai.

Na ajiye littafin a kan bargo, na tashi daga kujerar, na bar ta a inda take. Da na zo wucewa ta ƙofa ya matsa mini, ni ma na matsa, babu wanda ya taɓa wani.

Ina nan kan benci. Ban yafe ba, kada wani ya karanta wannan wata rana ya ce na yafe. Amma tun daga taga har ƙofa ta hango shi.